Badamasi da Goran Irin Inna

Daga unguwarmu zuwa gonar gadonmu hanya ce miƙaƙƙiya ta bakin kanal, ko tsohuwa mai sanda ba za ta gaji ba. Amma yayana Badamasi ba ya bin ta. Sai ya zagaya ta bayan injin casar shinkafa, ya ratsa gefen maƙabarta, ya tsallake kwalbati, ya isa gona yana haki, riga ta jiƙe sharkaf. In ka tambaye shi sai ya ce wai motsa jini yake yi. Ƙarya yake, Allah ya yafe masa ya yafe mini. Miƙaƙƙiyar hanyar nan ta gefen gonar Zaharaddini take wucewa, shi kuwa idonsa ba ya iya ɗaukar ganin gonar.

Ni ce Turai, ƙanwarsa, ciki ɗaya muka fito. Sana'ata gumin shinkafa, in turara in shanya in kai inji. Mijina ya rasu, 'ya'yana duk na aurar, saboda haka ba mai hana ni fita, bakina ma ba mai hana shi. Kowa a tsakanin Kura da Bunkure ya san Badamasi da suna Badamasi na Ƙarshe, don gonarsa ce a ƙarshen magudanar ruwa. To amma ba shi ne na ƙarshen ba in ana maganar gaskiya. A bayansa akwai 'yar gonata, rabin tasa, wadda na gada. Daga ni sai ciyawar kacalla da ta toshe lambatu.

Zaharaddini ɗan baffanmu ne, sa'an Badamasi, rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya. Lokacin da aka kawo ruwan dam ɗin Tiga aka yanyanka ƙasar nan, gonar kakanmu ta faɗo gida biyu, ɗaya a sama dab da ƙofar ruwa, ɗaya can ƙasa a kwari. Babanmu ne babba, aka ce ya fara zaɓa. Ya dubi ta sama, jar ƙasa mai tsakuwa. Ya dubi ta kwari, baƙa wuluk mai maiƙo. Duk manomin damina ya san kwari ne dukiya, don ruwa gangara yake bi. Ya ɗauki kwari, har mutane suna gulma wai ya cuci ƙaninsa. Bawan Allah bai san ruwan kanal ba ruwan sama ba ne, layi yake bi, sai na gaba ya sha ya ƙoshi kafin na baya ya ɗanɗana. Ya gane haka tun a ranin farko, ya kuma mutu bai daina cizon yatsa ba.

Cizon yatsan nan shi Badamasi ya gada, har ya fi gonar yawa. Da rani tsaka, ƙasa na ƙuna, a gonar Zaharaddini kwaɗi ne ke kuka. Ruwa ya cika fangalin shinkafa ya tumbatsa ya malalo kan hanya, masu babur suna zamewa suna zagi. Shi Zaharaddini dalilinsa ɗaya, wai ruwa in ya kwanta ciyawa ba ta fitowa, ya huta da neman 'yan ƙwadago. Mu kuwa a ƙasa sai ƙasa ta tsage, ka zura hannu a tsagar har wuyan hannu, sannan ɗan ruwa ya lallaɓo kamar mai jin kunya. Shinkafar Badamasi ta sha, ta sake bushewa, ta sake jira. Haka ya yi noma tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari.

Abin haushin kuma, Zaharaddini ba mugu ba ne. Da mugu ne da an huta, sai a ƙi shi hankali kwance. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, in ya ga Badamasi a kasuwa tun daga nesa yake ɗaga murya, "Ɗan'uwa rabin jiki!" Badamasi ya amsa da haƙora, ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ba ya bin ta gonar, amma ya san ranar da aka yi dashe a cikinta, ya san irin takin da aka zuba, ya san ranar da Zaharaddini ya sake babur. Na taɓa ce masa, "Yaya, wannan ai hassada ce." Ya harare ni ya ce, "Ban ce Allah ya ƙwace masa ba. Cewa na yi me ya sa ba ni ba." Na bar maganar, don ni ma in na ga ruwan nan yana malala a kan hanya haushi nake ji.

Duk da haka akwai halin da ba wanda zai ƙwace wa yayana, shi ya sa ma labarin nan yake mini ciwo. Innarmu ta zo gidan aure da wata jar shinkafa daga garinsu, gajera, mai ƙamshi. Ba ta da auki, 'yan kasuwa ba sa kallonta, amma in aka tuƙa tuwonta maƙwabta sai sun leƙo. Ga ta da jure ƙishi, shi ya sa ta zauna da mu a kwari. Da irin zamani ya shigo kowa ya watsar da nasa na da, har a garin su Inna na je cigiya ban samu ko ƙwaya ba. A hannuna kaɗai ta rage, muna kiran ta irin Inna. Iri kuwa ba ya daɗewa a ajiye, dole duk shekara a shuka a sabunta. Dokar Inna ita ce ba a zuba iri duka a ƙasa, sai an bar cikin gora ɗaya a rataye a ɗaka, ko da shuka za ta ƙi. Da ta rasu goran ya dawo ɗakina, gonar ƙarshe ta zama gonar irin. Duk ranar da ɗan ruwan nan ya iso, kafin Badamasi ya buɗe wa tasa gonar sai ya sake shi ya wuce tawa. "Na Inna tukun," haka yake cewa. Ko cikin cokali ne ya zo, sai ya raba da ni.

To, ana nan sai ga mutanen wani shiri sun zo, aka tara manoma a filin firamare, mu mata muna daga baya. Mai bayanin wata yarinya ce, Malama Rauda, 'yar Garun Malam da ta yi karatun noma. Ta fara da abin da kowa ya sani: zafin bazara ya ƙaru, damina ba ta da alkawari, in ruwa ya ƙi ya ƙi, in ya zo ya zo da rushe gidaje. Ta ce duniya ce take ɗumama, saboda hayaƙin masana'antu da jirage da motoci. Muka ce to, Allah ya sawwaƙe, mu ina ruwanmu, jirgi sai dai mu hango shi a sama. Sai ta ce a'a, gonar shinkafa ma tana da nata. Wai in ruwa ya kwanta a fangali wata da watanni, taɓon ƙasa yana ruɓewa ya riƙa fitar da wata iska da ido ba ya gani, ita ma tana ɗumama duniya. Maganin shi ne a daina kwantar da ruwa, a ba shinkafa ta sha, a bar ƙasa ta bushe, sannan a sake ba ta. Ta ɗaga wani guntun bututu mai huji-huji, ta ce ana kafa shi a gona ana leƙawa a ga inda ruwa ya sauka. Wanda ya yarda ya koma wannan noma, za a haƙa masa 'yar burtsatse a gona, a kafa masa injin ban ruwa mai sola, ba fetur ba jiran kanal.

Wani tsoho ya tambayi wa zai biya. Ta ce wasu manyan kamfanoni ne a ƙasashen waje, masu hayaƙi da yawa. Rage nasu yana musu tsada, shi ne suke biya a rage a nan, a rubuta musu ladan. Na ce da matar da ke kusa da ni, "Oho, azumi ne ya gagare su suke ciyarwa." Ta toshe baki tana dariya.

Ban taɓa ganin Badamasi cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya biyo ni har gida, ya ƙi zama, yana ta kai da kawowa a tsakar gida. "Turai, kin ji ko? A sha, a bushe, a sake sha! Wa ya kai ni? Ni da nake wannan noman tun yarinyar nan ba a haife ta ba! Ashe duk shekarun nan gyaran duniya nake yi ban sani ba." Ya ce injin nan in ya zo, ni da shi mun rabu da jiran ragowar kowa. Ya sa aka wanke masa farar shaddarsa ta Juma'a aka buga ta.

Ranar da aka koma don a faɗi waɗanda suka dace na bi shi. Malama Rauda ta zauna da wata faffaɗar waya, tana nuna wa kowa hoton gonarsa da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama a shekarun baya. Gonar Zaharaddini ta fito tana ƙyalli, ruwa fal. Ta ce ya dace. Duk na kusa da ƙofar ruwa suka dace. Da aka zo kan Badamasi, hoton ya fito ja-ja-ja, busasshe. Ya gyara tsayuwa yana murmushi, yana jiran yabo.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, gonarka ba ta shiga ba."

Ya ce, "'Yata, sake dubawa. Ai ni ne ban taɓa kwantar da ruwa ba."

"Shi ne dalilin, Baba. Su masu biyan, abin da aka rage suke biya. Kai ba ka fitar da iskar, babu abin da za ka rage."

Ni ce na kasa haƙuri, na kutsa gaba na ce, "Malama, tsaya in gane. Wanda ya shekara yana shanye mana ruwa yana ɓata iska, shi za a ba inji don ya daina. Wanda ƙishi ya hana shi ɓata komai, shi ya tashi a tutar babu. Haka ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, wallahi ni ma ban ce adalci ba ne. Na faɗa a ofis, aka ce haka ƙa'idar masu kuɗin take." Na ce, "To ki gaya musu ko a wurin Allah mai tuba yana samun lada, amma ba a taɓa korar wanda bai yi zunubin ba daga layi." Mutane suka yi dariya, dariyar da ba ta ba mu inji ba. Badamasi ya naɗe hannun shaddarsa ya juya, ko sallama bai yi ba.

Daga nan abin ya zama kamar da gayya. Aka kafa wa Zaharaddini farantan sola suna walƙiya tun daga titi. Mutumin da ruwa ke kwana a ƙofar gonarsa, shi aka ƙara wa rijiya! Aka kafa allo da sunansa, aka ba shi koriyar hula mai baki, baƙi suna zuwa da motoci suna ɗaukar hoto da shi yana leƙa bututu. Wata safiya ina gidan Badamasi muna shan koko, sai ga muryar Zaharaddini a rediyo, yana yi wa manoma nasiha wai su ji tsoron Allah su daina ɓarnar ruwa. Kai! Badamasi ya ajiye ludayi, ya kashe rediyon, ya cire batiran ya zuba a aljihu. Matarsa ta ce mako guda ba a ji labarai a gidan ba. Ni kaina ranar na ƙona tukunyar gumi, don ina tsaye a kanta hankalina yana kan hular nan.

Sai dai wani abu ya faru da ba wanda ya yi lissafinsa. Da na sama suka daina kwantar da ruwa, ruwan ya rasa inda za shi sai ƙasa. Ranin nan, karon farko a rayuwata, na ga magudanarmu ta kawo ruwa har yana motsa kacalla. Ba wai ya yi yawan a yi wanka ba, amma ya ishe mu mu biyu in an bi a hankali. Na tsaya a bakin gonata ina kallo sai hawaye. Badamasi ma fuskarsa ta saki. Shi da bakinsa ya ce mini, "Turai, bana kam ruwa ya zo. Kada ki yi ƙwauron iri. Zuba da yawa mu yawaita irin Inna, har ni ma baɗi in shuka fangali biyu, mu rarraba wa dangi kada ya ƙare a hannunki." Maganar ta yi mini daɗi. Na zuba irin da ke buhu a gadon reno, na ga da sauran wuri, na sauko da goran na juye shi tas. Da aka yi dashe gonar ta cika har bakin kunya, kore shar, ban taɓa ganin irin Inna ya samu wuri haka ba.

Wata Juma'a bayan an sallame, a ƙofar masallaci, cikin mutane, Zaharaddini ya dafa kafaɗar Badamasi. Da zuciya ɗaya ya yi, na rantse, don na san shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, ruwa yana iso muku kuwa yanzu? Ai na ce da yara su riƙa sakar muku, mu mun ƙoshi." Wanda ya ba ni labari ya ce Badamasi ya yi murmushi ya ce an gode. Da yamma ya zo gidana idonsa jajur. "Kin ji? Sun ƙoshi. Sadaka yake ba ni, Turai. Ruwan da yake haƙƙina tun zamanin Baba, yau ya zama ragowar kwanon Zaharaddini, har da godiya zan yi." Na ce, "Yaya, ruwa dai ya zo, ko ta hannun wa ya biyo." Ya ce ni mace ce ba zan gane ba. Na gane sarai, tsoro ne ya sa na yi kamar ban gane ba.

A makon ne labari ya bazu cewa shirin zai ɗebi rukuni na biyu, kuma hoton wannan ranin za a duba. Ban kawo komai a raina ba. Sai da na je gona wata safiya na tarar magudanata a bushe, alhali ina jin ƙarar ruwa a sama. Na bi ta a ƙafa. A daidai inda ruwa ke rabuwa tsakanin gonarsa da tawa, an danne bakin nawa da buhun ƙasa. Buhun ma nawa ne, na gumi, ga jan zaren da nake ɗaure wa buhunana a kunne. Gonar Badamasi kuwa ta cika fal, ruwa ya kwanta har yana ɗaukar hoton gajimare.

Na ɗauka kuskuren 'yan ƙwadago ne, na ja buhun gefe na tafi. Washegari na tarar an mayar, an ƙara wani a kai. Rana ta uku na tarar da shi kansa, ya kafa 'yar rumfa da zana, yana zaune a kan buhunan da carbi a hannu.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Bai dube ni ba ya ce, "Sun ce sai mai laifi ake ba inji. To zan yi musu laifin. Ruwan nan zai kwanta a gonata har girbi, tauraronsu ya ɗauka da kyau."

"To ni fa?"

"Ba zai isa in kwantar kuma in sakar miki ba, na gwada. Rani ɗaya ne, Turai. In injin ya zo namu ne mu biyu, har abada ba mai sake yi mana gori."

Na ce, "Shinkafata ta ɗauki ciki, kwanan nan za ta fitar da kai. Ka fi ni sanin in ta rasa ruwa yanzu ta tafi. Irin Inna ne, Yaya."

Ya ce, "Irin Inna ya saba da ƙishi. In ma ya ƙi, ai akwai na gora."

"Babu na gora. Na juye duka, kai ka ce in zuba."

Sai a lokacin ya ɗago, ya yi wata 'yar dariya. "Haba Turai. Ke 'yar Inna ce. Ko wuƙa aka sa miki a wuya ba za ki juye goran nan ba. Kina faɗa ne don in tashi." Na rantse masa da Allah, na rantse da kabarin Inna, abin da ban taɓa yi ba. Ya ci gaba da jan carbinsa. Ba wai bai ji ba ne. Yarda da ni tana nufin ya tashi daga kan buhun, shi kuwa ya riga ya hango kansa da koriyar hula.

Mutane sun ce in kai ƙara wurin shugaban masu ban ruwa. In kai wa? Yayana, wanda ya ɗauki gawar mijina, wanda ya yi wa 'ya'yana walicci? Bakina da kaifi amma bai kai nan ba. Na aika masa liman, ya ce da liman rani ɗaya ne. Na ɗauko 'yan garuwa da amalanke suka yi ta jido jarkoki, ƙasa tana shanyewa kafin su juya baya, ga zafin bazarar da ko kare ba ya fita. Har wurin Malama Rauda na je. Ta dafe kai ta ce ba shi kaɗai ba ne, duk ƙarshen layukan nan mutane sun kama kwantar da ruwa, waɗanda ba su taɓa yi ba. Ta ce ta rubuta wa na sama da ita, ba a ba ta amsa ba. Na ce, "To madalla, kun zo rage iska kun koya wa masu ƙishi ɓarna." Na faɗa ne kawai, ni ma na san ba ita ta kafa ƙa'idar ba.

Ina ji ina gani ganyen ya naɗe, ya koma ruwan toka. Kan ya fito fari fat, a tsaye ƙiƙam, don ba nauyin da zai sunkuyar da shi. Taku kaɗan daga nan, a gonar yayana, kwaɗi suna kuka da rana tsaka. Wallahi a ranakun nan na san abin da Badamasi ya shekara yana ji. In na kalli ruwan nan yana sheƙi a gonarsa sai in ji kamar in kurma ihu. Ban ce Allah ya ƙwace masa ba. Amma na ce me ya sa ba ni ba, na faɗa da ƙarfi, ni kaɗai a tsakiyar gona.

Da lokacin girbi ya yi na bi gonar kai-kai, na tsinto duk wanda na ga kamar da ɗan nauyi, na murje a tafin hannu, ya tashi bai cika ƙwarya ba. Na kawo gida na yi gwajin da Inna ta koya mana, a zuba iri a ruwa, mai rai ya nutse, fanko ya taso. Na zuba, na zauna ina kallo, na dama da hannu ko wani zai sauka. Duka suka taso suna yawo a sama. Na tace na zuba wa kaji, su ma tsattsaga biyu suka yi suka watse.

Dabarar Badamasi kuwa ta ci. Hotonsa ya fito yana ƙyalli, aka ce ya dace. Aka zo aka haƙa, aka kafa faranti, aka kafa allo da sunansa, aka ba shi hular. Zaharaddini ne ma ya fara zuwa yi masa barka, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa aka ɗauke su hoto, gwarazan gyaran yanayi. Ni ban je ba. Na ji dai an ce da aka zo kan 'yar gonata a wayar, busasshiya ta fito, aka ce babu abin da zan rage.

Bayan kwana kaɗan ya aiko wai in zo gona da safe, kuma in taho da goran. Na sauko da shi daga inda yake rataye, na goge ƙura, na tafi. Na same shi ya ja dogon tiyo tun daga injin har cikin gonata, ya saya da kuɗinsa, ya gyara gadon reno da hannunsa, ya daddale shi lumui. Rana na taɓa farantan sai ruwa ya ɓulɓulo, fari tas, mai sanyi, yana ta zuba ba mai tare shi. Yana tsaye da hularsa yana dariya, irin dariyar da rabona da ganinta tun muna yara.

"Ga shi, Turai! Ban gaya miki ba? Na Inna tukun. Ko ɗigo ban ba tawa gonar ba. Kawo irin mu zuba."

Na miƙa masa goran. Ya karɓa, hannunsa ya yi sama don ya zaci da nauyi. Ya kai shi kunne ya girgiza. Ya sake girgizawa. Ya cire toshiyar, ya kifa bakin a tafin hannunsa, ya bubbuga gindin, wani ɗan busasshen gizo-gizo ya faɗo. Ya daɗe yana kallon tafin hannun nan. Sannan ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "A garin su Inna fa?" Na ce na je tun shekarun baya, babu. Ya ce, "Ko wurin dangi?" Na ce, "Ai bana ne za mu rarraba musu, in ka tuna."

Ya zauna a kan kunya, cikin taɓo, da shaddarsa. Ruwan yana ta zuba ya cika gadon ya tsallake ya bi gonar, ba wanda ya tashi ya kashe injin. Na bar masa goran a hannu na kama hanya.

Har yau muna gaisawa, yayana ne, ranar Salla ina kai masa tuwo na shinkafar kowa da kowa. Tiyon yana nan a shimfiɗe, kullum sai ya fara sakar wa gonata kafin tasa, na ba wani yaron maƙwabta aro yana shuka albasa a ciki. Matarsa ta ce goran yana rataye a ɗakinsa, hular kuwa tun ranar ba ta sake ganin ya sa ba. Yanzu Badamasi ta miƙaƙƙiyar hanya yake zuwa gona, ya wuce ta gefen Zaharaddini su yi hira a kan bututu. Ni ce in zan je wajen, nake zagayawa ta bayan injin casa, in ratsa gefen maƙabarta inda Inna take, in tsallake kwalbati. In an tambaye ni sai in ce ƙafata ce take son motsi.